Ranar da Mardiya Ba Ta Gaida Gwaggonta Ba

Da sunan Allah nake farawa. Mutanen da wannan labari ya shafa su shida ne, zan kuma ambace su tun kafin a shiga cikinsa. Akwai Mardiya, wadda take aure a Dutsin-Ma, take kuma aiki a ofishin kula da dabbobi. Akwai mahaifinta Malam Alu, maɗinki a Kurfi, wanda katangarmu ɗaya da shi. Akwai yayar Malam Alu, Gwaggo Mairama, mazauniyar Barkiya, wadda ta riƙe Mardiya tun tana shekara biyu, bayan rasuwar uwarta, har ta shekara goma sha ɗaya. Akwai mijin Mardiya, Malam Khalil, malamin firamare. Akwai Mahmuda, wani manomi daga Karofi. Ta shida wata mata ce da babu wanda ya taɓa ganin fuskarta a cikinmu, muryarta kawai aka ji daga cikin kwamfuta. Ita ce mai sa ido a jarrabawa.

Mardiya a kan kiwon dabbobi ta yi digirinta na farko. Ta sha gaya wa mutane cewa ita ba likitar dabbobi ba ce, amma daga Shema har Karofi ba a kiranta da wani suna sai Likita, har ta gaji ta bar su. Duk shekara idan an fita rigakafi, ita ce take cika takardun shanu, ruga bayan ruga, a kawo su ofis a jibge cikin kabad. Idan cuta ta ɓulla a wani garke, sai an yi makonni kafin a sami mai zama ya jera takardun ya gane daga inda ta taso da inda ta nufa, kafin nan kuwa ta riga ta isa. Wannan abu ya daɗe yana cin ranta. Ta fahimci cewa kwamfuta za ta iya yin wannan jeri a cikin ɗan lokaci, in da akwai wanda ya san dabbobi ya kuma san yadda ake ba ta umarni. Masu sanin na farko suna da yawa a ofishinsu, masu sanin na biyu babu ko ɗaya. Sai ta nemi gurbin digiri na biyu a ilimin kwamfuta, a wata jami'a ta ƙasar waje mai koyarwa ta intanet.

Jami'ar ta amsa mata, amma da sharaɗi. Tun da ba daga wannan fanni ta fito ba, sai ta ci wata jarrabawa ta lissafi da rubuta umarnin kwamfuta, ta sami maki sittin cikin ɗari, kafin a sa sunanta cikin ɗalibai. Sau biyu kaɗai ake ba mutum dama. In ya rasa duka biyun, an soke gurbinsa, ba zai sake nema ba sai bayan shekara uku. Ita kuma jarrabawar tana da dokokinta: awa uku ce, mutum shi kaɗai a ɗaki, kyamarar kwamfuta tana kallonsa, mai sa ido tana saurare daga can. Ba ya tashi daga kujera, ba ya magana da kowa, kowa kuma ba ya shigowa.

Da ta kawo wa mahaifinta bayanin a Kurfi, ya tsayar da keken ɗinki ya saurare ta har ta gama.

"Wato ba ke za ki tafi makarantar ba," in ji shi, "ita ce za ta zo ta same ki har ɗaki."

"Haka ne, Baba."

"To su shanun fa? Shekara biyar kika yi kina karatunsu."

"Don su nake son wannan ɗin, Baba."

Ya ce Allah ya yi jagora, ya mayar da ƙafarsa kan keke. Amma kafin la'asar babu wanda ya wuce ta ƙofar shagon bai ji cewa Mardiya za ta yi karatun kwamfuta a ƙasar waje tana zaune a Dutsin-Ma ba.

Wata biyar ta yi tana shiri. Bayan sallar asuba takan zauna da littafi kafin ta ɗora abin kari, in ta taso daga aiki kuma ta koma kai har magariba. Malam Khalil ya taimake ta da lissafi na wata guda, sannan wata rana ya ajiye alƙalami ya ce, "Nawa ya ƙare a nan, Likita. Daga nan sai dai in riƙa kawo miki shayi." Ta ci gaba ita kaɗai. Akwai makon da wani darasi ya tsaya mata har ta yi kuka, ta ce da tana ƙarama aka fara mata da yanzu ba haka ba. Mako na gaba ta wuce shi.

Jarrabawar farko ta faɗo ranar wata Asabar da kaka, daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa biyu na rana. An cika batir, an sayi data, an share ɗaki an fitar da kowace takarda. Saboda zafi sai ta bar ƙofa a buɗe, labule kawai aka saki. Malam Khalil ya zauna a zaure. Da aka yi kamar awa ɗaya da rabi ya ga komai lafiya, sai ya ce bari ya leƙa bakin titi ya sayo man janareta, ko da batir zai gaza.

A cikin wannan ɗan tsakani ɗan acaɓa ya sauke Gwaggo Mairama a ƙofar gida, da ƙullin sabon gero, da wake, da kwalbar man shanu. Ba ta aiko ba, don ba ta taɓa aikowa ba. Ta yi sallama a zaure, shiru. Ta yi a tsakar gida, shiru. Ta ga takalmi a ƙofar ɗaki, ta yi ta uku, ta ɗaga labule.

Mardiya ta faɗa daga baya cewa ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Idonta na ganin fuskar, jikinta ya sauka daga kujera, gwiwoyinta suka kai ƙasa.

"Gwaggo! Sannu da zuwa. Sannu da hanya, Gwaggo."

Muryar mace ta fito daga kwamfuta ta yi 'yan kalmomi da Turanci. Tambayoyin suka ɓace daga allon. Mardiya ta riga ta amsa fiye da rabi, kuma ta san amsoshin daidai ne.

"Wa ke magana cikin abin nan?" in ji Gwaggo.

"Aikin makaranta ne, Gwaggo. An gama."

"Madalla. Karɓi kayan nan, wuyana ya ƙage."

Mardiya ta karɓi kaya, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta shiga madafa. Da Malam Khalil ya dawo da galan a hannu ya ga takalmin tsohuwa a ƙofar ɗaki, bai buƙaci bayani ba. Ya gaida surukarsa yadda ya kamata, sannan ya zagaya bayan madafa.

"Kin tashi?" ya tambaya a hankali.

"Na tashi."

"Da ko hannu kika ɗaga mata ta jira."

"Malam, kai za ka iya ɗaga wa Baba hannu kana zaune kan kujera?"

Ya ce laifinsa ne da ya bar zaure. Ta ce kada ya ƙara faɗa, kuma kada Gwaggo ta ji ko kalma ɗaya, domin ba a gaya wa babba cewa zuwansa ya ɓata abu. Gwaggo ta kwana biyu, ta ci ta sha, ta yi wa Mardiya faɗa a kan ramar da ta yi, ta koma Barkiya da farin ciki. Jami'a ta rubuto cewa an soke wannan zama, saura ɗaya, nan da mako shida.

Malam Alu da surukinsa suka zauna a shagon ɗinki suka yi shawara. Kulle ƙofar gida ba ya hana Gwaggo, don in ta buga ba a buɗe ba sai unguwa ta taru. Kuma da za ta tafi ta ce za ta dawo da gyaɗa in an gama cira, wanda ya zo daidai da wannan mako. Suka tsayar cewa Malam Alu ya je Barkiya da kansa ya ce mata Mardiya za ta yi tafiyar aiki, ta dakata sai wani wata.

Ya same ta a gindin bishiya tana gyaran kaɗi, shanun gidan suna kwance a gefe. Suka gaisa, ya sha fura, ya yi zancen damina da ta wuce, ya yi zancen hanya, sannan ya kawo maganar tafiyar.

"Ina za ta?" in ji Gwaggo.

"Can wajen... Katsina ne, ko Kaduna. Ofis ne suka tura ta."

"Alu."

"Na'am, Yaya."

"Tun kana yawo ba wando, in za ka yi ƙarya sai ka gyara hula sau biyu. Yanzu ka gyara sau uku. Mi na yi wa ɗiyar nan da ba a son in je gidanta?"

Malam Alu, mai shekara sittin da huɗu, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama a gonar wani. Ya ba ta labari duka, daga dokokin jarrabawa har ɗaga labule. Gwaggo ta ajiye mazari.

"Kwana biyu na yi a gidan," ta ce. "Ta dafa mani, ta wanke mani kaya, tana dariya. Ashe wata biyar na zubar mata."

"Ba ki sani ba, Yaya."

"Ba ku bari na sani ba. Ku maza biyu kun zauna kun yi shawara, abin da ya fito daga kanku ke nan, a yi wa tsohuwa ƙarya. Wace rana ce?"

"Yaya, don Allah..."

"Wace rana ce, Alu?"

Ya faɗa mata. Ya hau babur ya koma Kurfi, ya aika wa surukinsa cewa ya ɓata abin da aka aike shi ya gyara.

Ana gobe jarrabawa, da la'asar, Gwaggo ta sauka a Dutsin-Ma. Wannan karon babu ƙulli, sai tabarmarta a naɗe da carbi. Mardiya ta durƙusa ta gaishe ta. Gwaggo ta amsa, ta ce ta matso.

"Ni na koya miki durƙusawa," ta ce. "Ban yi nadama ba, kuma ba zan ce ki daina ba. Amma an ce mani gobe in kika yi, karatunki ya tafi shekara uku. Haka ne?"

"Haka ne, Gwaggo."

"In na zauna Barkiya, wani zai zo. Gidanki gidan mutane ne, mijinki kau ba ya iya korar ko kaza. Ni zan tsare ƙofar."

"Gwaggo, in na san kina waje, in wani abu ya sa na gan ki..."

"Saurara. Kin san ɗana na fari. Yau shekararshi arba'in da bakwai. Kin taɓa jin na kama sunanshi?"

"Ban taɓa ba."

"Kin taɓa ganin na dube shi cikin mutane, ko na tsaya amsa gaisuwarshi?"

"A'a, Gwaggo. Kau da kai kike yi."

"Don ba ni son shi ne?"

Mardiya ta girgiza kai. Kowa a dangin ya san cewa in wannan ɗa ya yi ciwon kai Gwaggo ba ta cin abinci. Kunyar ɗan fari ce kawai irin ta mutanen da, wadda uwa take ɓoye son da ya fi kowane.

"To daga asubar gobe har ki fito, ke ɗiyar fari ce. Ban gan ki ba, ban san sunanki ba. In kin gaishe ni ma kunya kika ba ni. Wanda ba a duba ba, ba shi da gaisuwar da ake bin shi. Na yi shekara arba'in da bakwai ina yi, awa uku ba za ta gagare ni ba. Saura ke."

Da safe Mardiya ta fito da buta, ta ga Gwaggo a kan tabarma, gwiwarta ta soma lanƙwashewa. Gwaggo ta juya fuska wajen katanga ta ce da Malam Khalil, "Malam, ka ji motsi? Ni ban ga kowa ba. Halan kyanwar maƙwabta ce." Malam Khalil ya toshe baki ya shige zaure. Mardiya ta miƙe ta wuce. Ta ce wannan wucewa ta taki biyar ta fi duk lissafin da ta yi wahala.

Kafin ƙarfe goma Gwaggo ta zaga gidaje huɗu na kewaye, ta roƙi matan su ɗaga daka zuwa la'asar. Ta je wurin mai injin niƙa na bakin lungu, ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, ta gano kakarsa 'yar wajen Kurfi ce, ya kashe inji. Malam Alu ya iso daga Kurfi, ta zaunar da shi a zaure ta ce kada ya motsa. Malam Khalil aka ba shi janareta a bayan gida. Ita kuma ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida, taki shida daga ƙofar ɗakin, ta ba ƙofar baya. Ƙarfe goma sha ɗaya Mardiya ta rufe ƙofa, ta nuna wa kyamara kusurwoyin ɗaki huɗu, aka buɗe mata tambayoyi.

Awa biyu suka wuce lafiya. Mai tallan fura ta zo, aka sallame ta da hannu. Wata maƙwabciya ta zo aron rariya, Gwaggo ta miƙa mata ba tare da ta bar ta ta buɗe baki ba.

Da ƙarfe ɗaya ta ɗan gota, babur ya tsaya a ƙofar gida. Mahmuda ne daga Karofi, da tunkiya ɗaure a bayansa. Tun safe take naƙuda, ɗan ya ƙi fitowa, ita ce kuma babbar tunkiyarsa. Ya kwance ta yana kira tun daga waje.

"Likita! Likita Mardiya tana ciki?"

Malam Alu ya tare shi a bakin zaure. "Yi ƙasa da murya, bawan Allah. Ba ta ganin kowa sai ƙarfe biyu."

"Baba, kafin biyu ta mutu! Dubi yadda take."

Suna cikin haka tunkiyar ta fizge igiya, ta bi ta tsakanin ƙafafunsu, ta faɗa tsakar gida, ta zube dab da ƙofar ɗakin tana kuka da iyakar ƙarfinta. Gwaggo ta yi tsalle irin wanda ba a zaci shekarunta za su yarda ba, ta kama bakin tunkiyar ta matse. Ta yafito ƙanenta ya zo ya riƙe kan, ta nuna wa Mahmuda zaure da yatsa ya koma. Sannan ta naɗe hannun riga, ta jawo butar alwala da sabulu, ta durƙusa a bayan dabbar.

Amma an riga an ji. A cikin ɗaki tambayoyin suka dushe, muryar matar ta fito. Ta ce ta ji kira da hayaniya kusa da ƙofa, ta tsayar da jarrabawa. Ta umarci Mardiya ta ɗauki kwamfutar ta buɗe ƙofa ta nuna mata abin da ke waje. Ta kuma gargaɗe ta cewa in ta yi magana da wani, ko wani ya yi da ita, ko aka yi mata wata alama, zaman ya ƙare.

Mardiya ta ɗauki kwamfuta a ƙirjinta, kyamara na duban gaba, ta buɗe ƙofa.

Ga mahaifinta a tsugune, ga Gwaggo a durƙushe, su biyun a ƙasa, ita a tsaye a kansu. A rayuwarta ba a taɓa yin haka ba. Malam Alu ya ɗaga kai, bakinsa ya soma buɗewa. Gwaggo, ba tare da ta waiwaya ba, ta ce da shi ƙasa-ƙasa, "Dubi tunkiya, Alu." Ya mayar da idonsa ƙasa. Ita kuwa ta karkatar da fuskarta wajen katanga, ta ja mayafi da kafaɗa ya rufe gefen da ke wajen ƙofa, hannunta na ci gaba da aiki.

Ba gaisuwar ce kaɗai Mardiya take dannewa ba. Da kallo ɗaya ta gane matsalar: kan ɗan ya fito da ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar ta naɗe baya. Sai an mayar da shi ciki kaɗan an lalubo ƙafar, in aka ja haka za a rasa su duka. Kalma biyar za ta faɗa a tsira. Ta cije leɓe. Ta tsaya tana kallon hannun da ya yi mata wanka tana ƙarama, ta ga ya tura kan a hankali, ya shiga lalube. Gwaggo ta karɓi haihuwar dabbobi tun kafin a haifi malaman da suka koyar da Mardiya.

Muryar ta tambaya da Turanci, su wane ne waɗannan. Mardiya ta amsa wa kwamfutar, idonta a kan allo: mahaifinta ne da yayar mahaifinta. Matar ta tambaya ko wani ya yi mata magana. Mardiya ta ce a'a. Sannan muryar ta ce, wannan tunkiya ce? Mardiya ta ce tunkiya ce, haihuwa take yi. Matar ta sa ta tsaya haka har minti guda, tana duban ko wani zai juyo. Babu wanda ya juyo. Ta ce ta rufe ƙofa ta koma kujera ta ƙarasa, amma za ta rubuta abin da ya faru, jami'a ce za ta yanke ko zaman ya karɓu.

Mardiya ta rufe ƙofa a kan iyayenta ba ta ce musu uffan ba. Saura minti arba'in da tambaya uku. Ta amsa ta farko. A ta biyu ta ji wani siririn kuka daga tsakar gida, wanda ba na uwar ba ne, aka kuma yi maza aka ɗauke ɗan tunkiyar zuwa zaure. Ta gama saura minti huɗu.

Da ta fito Gwaggo tana wanke hannu, Mahmuda yana ta godiya yana cewa ashe gidan likita biyu ne. Gwaggo ta tambayi Malam Khalil ko an gama. Ya ce an gama. Sai ta juyo ta dubi Mardiya sama da ƙasa.

"Ke kuma tun ɗazu mi kike yi a ɗaki, baƙi na ta zuwa? Zo ki duba tunkiyar mutane, ni ban yi boko ba."

Kwana tara aka yi ana jira. Malam Alu ya ɓata ɗinkin wuyan riga biyu a cikinsu, abin da ban taɓa gani ba a zamanmu. Gwaggo ta ƙi komawa Barkiya, ta ce sai ta ji. Mardiya kuwa ta koma aiki, ba ta yarda a yi mata zancen ba.

A rana ta tara tana Shema wurin rigakafi, allura a hannunta, saƙo ya shigo wayarta. Ta ƙarasa saniyar da ke gabanta, ta wanke hannu, sannan ta buɗe. Jami'a ta ce ta duba rahoton mai sa ido da hoton da kyamara ta ɗauka. An ga cewa mutanen da ke waje ba su dubi ɗaliba ba, ba su yi mata magana ba, ita ma ba ta yi musu ba, don haka zaman ya karɓu. Makinta saba'in da huɗu. An sa sunanta cikin ɗaliban digiri na biyu a ilimin kwamfuta, za a fara darasi farkon wata mai zuwa.

Ta zauna a kan wani kututture ta sake karantawa sau biyu. Makiyayan suka tsaya suna dubanta, ɗaya ya tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya lau, a kawo ta gaba.

Labarin ya iso Kurfi kafin la'asar. Malam Alu ya rufe shago da rana tsaka, ya sa babbar riga, ya bi gida-gida a layinmu yana faɗa, har da gidajen da suka riga suka ji. Da ya zo wurina ya zauna a kan dakali ya ce, "Su huɗu ne kawai aka ɗauka daga wani fanni, in ji ta. Sauran duk 'yan kwamfuta ne tun asali." Na ce Allah ya sa albarka. Ya ce amin, ya tashi ya nufi gida na gaba.

Yanzu Mardiya tana shekararta ta biyu a karatun. Ta ce akwai darussan da har yau sai ta bi su sau uku kafin su zauna, amma ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Iyakar abin da na sani ke nan, kamar yadda na ji daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu. Rubutun boko da girma na same shi, sha'anin kwamfuta kuwa sai abin da aka bayyana mani. Duk wanda ya karanta ya ga na karkace a kalma, ko na sa wani abu ba a muhallinsa ba, ina roƙon ya gyara mani, ya kuma yafe.